Sawun Gangunan Afirka ta Yamma a Cikin Kiɗan Rok

Duk wanda kunnensa ya saba da kalangu da ganga, idan ya zauna ya saurari kiɗan rok na Amurka da Ingila cikin natsuwa, ya ɗauke hankalinsa daga rurin jita da ƙarajin mawaƙi, ya bi abin da mai ganga yake yi a can baya, zai ji wani abu da ba baƙo ba ne a wurinsa. Ba zai ji taken mahauta ko na 'yan dambe ba, amma zai ji yadda ake yanka lokaci ana rarraba shi tsakanin bugu da bugu, da yadda ake maimaita gajeren salo guda har ya shiga jiki, da yadda wani sauti yake kira wani yana amsa masa. Na daɗe ina sauraron kaɗe-kaɗen ɓangarorin biyu da ƙauna, kuma abin da na tsaya a kai shi ne, rok ya gaji motsin gangunan Afirka ta Yamma, gado mai yawa kuwa, amma bai gaji maganarsu ba.

Mutane da yawa, har a cikinmu, suna ɗaukan kiɗan ganga a matsayin duka kawai, wanda ya fi ƙarfin hannu shi ya fi iyawa. Alhali daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi, kiɗan ganga aiki ne na ƙungiya mai tsari, kowa da gurbinsa da haddinsa. A wajen Mandinkawan Gini da Mali, jembe ce take fitowa fili tana wasa, amma gangunan nan uku da ake bugawa da sanda, wato kenkeni ƙarama da sangban matsakaiciya da dundunba babba, su ne suke riƙe da ginshiƙin kiɗan. A wajen Yarbawa akwai babbar ganga mai jan ragama a cikin rukunin gangunan da ake kira dundun da bata, sannan akwai ƙanana da suke tsaye a kan bugu ɗaya ba sa kaucewa. A wajen Ewe na Ghana da Togo, ƙararrawar ƙarfe mai baki biyu, 'yar'uwar kugenmu, ita ce ma'aunin kowa, kuma duk makaɗin da ya ɓace hanya ita yake saurara ya dawo. A ƙasar Hausa ma, idan masu kalangu suka tsaya, akwai babban kalangu da yake jan kiɗa, akwai na karɓi da yake amsa masa, akwai ƙaramar ganga mai siririyar murya da take cike tsakani.

Sirrin wannan tsari shi ne, ba wanda yake buga abin da ɗan'uwansa yake bugawa. Kowa yana ajiye bugunsa a gurbin da wani ya bari, kamar yadda mata biyu ko uku suke lugude a turmi guda, taɓaryar wannan tana sauka a daidai lokacin da ta waccan take tashi, ba sa yin karo, kuma abin da mai wucewa yake ji shi ne sautin haɗuwarsu. A kan wannan sai aka ɗora wani abu mafi zurfi. A cikin tazarar lokaci guda, wani makaɗi yana ƙirga uku, wani yana ƙirga biyu, su fara tare, su rabu, su sake gamuwa, su sake rabuwa. Salon ƙararrawar da ya fi yaɗuwa a gaɓar teku, daga Ghana zuwa ƙasar Yarbawa, bugu bakwai ne da aka rarraba a cikin gurabe 12, wasu a kusa da juna wasu da 'yar tazara, ta yadda mai rawa zai iya jin sa a matsayin taku huɗu ko kuma taku shida, ƙafarsa ta bi ɗaya, kafaɗarsa ta bi ɗayan. Wannan ja-in-ja tsakanin ƙirge biyu shi ne yake hana kiɗan zama wuri ɗaya, ko da an shafe dare ana maimaita salo guda. A wurina, babu wata dabara a fasahar kiɗa ta duniya da ta fi wannan kyau, kuma yaro ɗan gidan makaɗa yana riƙe ta tun kafin ya iya rubuta sunansa.

Sai kuma maganar. Hausa da Yarbanci da Ewe da harshen Asante duk harsuna ne da hawa da saukar murya suke bambanta ma'ana a cikinsu, saboda haka gangar da za ta iya hawa da sauka za ta iya furta jimla. Mai kalangu yana rataya shi a kafaɗa, ya matse tsarkiyarsa da damtse, fata ta ɗaure, murya ta hau, ya sassauta, ta sauka, yana bugawa da gula mai lanƙwasa a lokaci guda, har abin da yake fitowa ya zama take ko kirari wanda mai shi zai ji daga nesa ya san da shi ake. Sarki da takensa, mahauta da nasu, ɗan dambe da nasa, kuma an san jaruman da jin takensu kaɗai yake sa tsumansu ya tashi. Asante suna da atumpan, ganguna biyu, ɗaya mai kauri ɗaya mai siririyar murya, da suke isar da saƙon fada. A Dagbon da ke arewacin Ghana, masu buga lunga, wadda siffarta ta kalangu ce, su ne ma'ajiyar tarihin sarakuna, suna jero sunaye da nasaba na ɗaruruwan shekaru da ka. Mu ma kowane rukuni da gangarsa: tambari na sarki ne, taushi da kotso da jauje na fada ne, dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta 'yan gayya ce, ƙwarya kuma ta mata ce a wajen amada. Wanda ya saurari kalangun da ke bayan Alhaji Mamman Shata ko Ɗan Anace, ko kotsannin da ke bayan Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ya san makaɗan nan ba rakiya kawai suke yi wa mawaƙi ba, zance suke yi da shi, wani lokaci ma su faɗi abin da bakinsa ya bari.

Wannan ita ce dukiyar da cinikin bayi ya kwasa. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga Afirka zuwa nahiyar Amurka a tsawon fiye da shekara 300. Birazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5, yayin da waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ta yau ba su kai 400,000 ba. Akwai wata ganga a gidan tarihi na British Museum da ke Landan wadda ba na iya tuna ta ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba. An samo ta a Virginia a farkon rabin ƙarni na 18, aka shigar da ita cikin tarin kayan Hans Sloane, wani Bature mai tara kayan tarihi, da sunan gangar Indiyawan daji ce, sai a farkon ƙarni na 20 aka gane cewa aikin Akan ne na Ghana, itacenta ma na Afirka ne. Ana ganin ta haye teku ne a jirgin bayi, inda aka san cewa ana fito da mutane daga ƙasan jirgi ana tilasta musu rawa don kada su mutu kafin a kai su kasuwa.

A Arewacin Amurka ganga ba ta daɗe a fili ba. A watan Satumba na 1739, bayi a kusa da kogin Stono na South Carolina, galibinsu 'yan ƙasar Kongo, suka yi tawaye, suka kama hanya suna buga ganguna suna kiran wasu su shigo. Bayan an murƙushe su, dokar da aka kafa a 1740 ta haramta wa bayi riƙe ganguna da ƙahoni da duk wani abin kiɗa mai ƙara da za su iya kiran juna da shi. Ya kamata a lura da dalilin haramcin: iyayengijin ba su hana ganga don ta dame su da hayaniya ba, sun hana ta ne don sun gane tana isar da saƙo. Da aka ƙwace fata da itace, sai kiɗan ya koma cikin jiki. Mutane suka riƙa tafi, suna dukan cinya da ƙirji da tafin hannu cikin salon da ake kira juba, suna buga ƙafa a daɓen katako, suna zagaya da'ira a wajen ibada wani yana dukan ƙasa da sanda, suna rera waƙar aiki a gona da kan layin dogo, mai ja yana ja 'yan amshi suna amsawa, saukar gatari ko guduma tana zama bugun ganga. Tsarin cike gurbi ya rayu. Abin da bai rayu ba shi ne harshe, domin 'ya'ya da jikoki sun tashi da Turanci, wanda hawa da saukar murya ba sa sauya ma'anar kalmominsa, kuma gangar da ba ta da harshen da za ta kwaikwaya ba ta da abin faɗa. A nan ne maganar ta yanke.

A Kuba da Haiti da Birazil lamarin ya bambanta. An ci gaba da shigo da mutane har cikin ƙarni na 19, musamman Yarbawa bayan rushewar daular Oyo, kuma bauta ba ta ƙare a Kuba ba sai 1886, a Birazil sai 1888. Hausawa ma suna cikin waɗanda aka kai Bahia, kuma tarihin tawayen bayi na can a farkon ƙarni na 19 cike yake da ambatonsu. A Kuba an bar 'yan ƙabila ɗaya su kafa ƙungiyoyinsu, don haka gangunan bata guda uku suka rayu da salonsu da waƙoƙinsu har yau. Daga cikin wannan gado aka sami salon nan na bugu biyar, uku sannan biyu, wanda ake yi da sanduna biyu na itace, wanda kuma duk kiɗan rawa na Kuba yake tsaye a kansa. Aikinsa shi ne aikin ƙararrawar Ewe da Yarbawa: gajeren ma'auni mai karkata da kowa yake jingina a kai.

Birnin New Orleans shi ne mahaɗar. Ya kasance a hannun Faransa da Sifen kafin Amurka ta saye shi a 1803, kuma a wajajen 1809 kimanin mutum 10,000 da suka tsere daga Haiti ta hanyar Kuba suka sauka a cikinsa. A can an bar bayi su taru ranar Lahadi a filin da ake kira Congo Square su yi kasuwa da kiɗa da rawa, har wani masanin gine-gine mai suna Benjamin Latrobe, da ya ga taron a 1819, ya zana gangunan da ya gani da wani abin kiɗa mai tsirkiya da ƙoƙo. A wannan birni ne jaz ya tsiro, kuma a hannun makaɗansa ne gangunan zama, waɗanda mutum ɗaya yake bugawa da hannaye da ƙafafu, suka sami harshensu. Kayan da kansu haɗe-haɗe ne: babbar ganga da ƙaramar mai ƙara daga badujalar sojan Turai suke, farantan tagulla daga Turkiyya, wasu ƙananan ganguna daga Sin, abin takawa kuma kamfanin Ludwig na Chicago ya inganta shi a 1909. Amma tunanin cewa ƙafar dama ta yi abu ɗaya, hannun hagu ya yi wani, hannun dama ya riƙe ma'auni a kan ƙarfe, kowanne yana shiga gurbin ɗan'uwansa, wannan tunanin ƙungiyar makaɗan Afirka ne aka tattara a jikin mutum guda.

Akwai wata hanya ta biyu da ta shafe mu kai tsaye. Masanin kiɗa ɗan Austriya Gerhard Kubik ya nuna a binciken da ya wallafa a 1999 cewa buluz, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka na yankin Mississippi, bai yi kama da kiɗan ganguna na gaɓar teku ba, domin babu salon ƙararrawa a cikinsa. Ya fi kama da kiɗan yankin sabana, daga Mali zuwa arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru, inda mutum ɗaya yake zama da goge ko molo ko gurmi yana jan murya yana karya ta. Hujjar tana da ƙarfi, domin dokar da ta hana ganga ba ta hana kayan tsirkiya ba, kuma banjo na Amurka daga dangin molo da gurmi ya fito. Ke nan rok, wanda ɗan buluz ne, ya sha daga rijiya biyu ta Afirka ta Yamma: jan murya daga sabana, rarraba bugu daga gaɓar teku ta hanyar tsibiran Karibiyan. Ban ce komai nasa namu ne ba. Jeren sautukan da jita take bi, da tsarin baitoci, da waƙoƙin gargajiyar Ingila da Ailan da Turawan karkara suka riƙe, duk sun zuba nasu. Amma idan aka zare bugun, abin da zai rage ba wanda zai yi rawa da shi.

A 1949 wani mai ganga na New Orleans, Earl Palmer, ya buga wa Fats Domino faifai inda ya danna bugu na biyu da na huɗu na kowane ƙirge huɗu da ƙarfi daga farko har ƙarshe, wato daidai wuraren da masu tafi a majami'un baƙaƙen fata suke tafawa, kuma daidai wuraren da kiɗan maci na Turai yake ɗauka marasa nauyi. Shi ne kuma ya buga wa Little Richard a tsakiyar shekarun 1950. Wannan bugu shi ne ƙashin bayan rok har gobe. A 1955 kuma Bo Diddley, haifaffen Mississippi mazaunin Chicago, ya fito da faifansa na farko a kan salon uku-da-biyu, ganguna suna gurnani, caki yana kaɗawa, jitarsa ma ya mayar da ita ganga, yana iya tsayawa a kan sauti ɗaya na tsawon waƙa ba tare da an gaji ba. Buddy Holly ya ɗauki salon a 1957, The Rolling Stones suka ɗauka daga gare shi a 1964, The Who da wasu da dama suka biyo baya. Samarin Landan da Liverpool da suka cika duniya a wancan zamani suna buga ma'aunin da asalinsa ƙararrawar Afirka ce, ko sun sani ko ba su sani ba.

Daga nan sai gamuwa ta biyu, wadda ta zo ido da ido. Babatunde Olatunji, haifaffen Ajido kusa da Badagry a 1927, ya tafi karatu kwalejin Morehouse da ke Atlanta a 1950, ya tarar Amurkawa ba su san komai game da Afirka ba sai tatsuniyoyin finafinai, ya ɗauki ganga don ya nuna musu. Faifansa mai suna Drums of Passion, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1960, shi ne ya fara shigar da gangunan Afirka ta Yamma zalla cikin gidajen Amurkawa da yawa. Ƙungiyar Santana ta ɗauki ɗaya daga kaɗe-kaɗen wannan faifai ta sanya a faifanta na farko a 1969, shekarar da ta yi fice a taron Woodstock. Mickey Hart, mai gangar Grateful Dead, ya ɗauki Olatunji tamkar malami, kuma faifan ganguna da suka yi tare da wasu makaɗa a 1991, ciki har da Sikiru Adepoju mai gangar magana, shi ne ya fara cin kyautar Grammy a rukunin kiɗan duniya. Kafin wannan, a 1964, mawaƙin Faransa Serge Gainsbourg ya kwashi kaɗe-kaɗen Olatunji ya ɗora waƙoƙinsa a kai ba tare da ambaton mai su ba. Wannan ɗabi'a ta ɗauka ba godiya tana tafe kafaɗa da kafaɗa da labarin nan tun daga farkonsa.

A Landan kuwa, makaɗan Ghana da Nijeriya suna cikin situdiyo tun shekarun 1960, sai dai sunayensu a ƙananan haruffa suke. Kwasi Dzidzornu, wanda aka fi sani da Rocky Dijon, shi ne hannun da ke kan gangunan da suka buɗe faifan The Rolling Stones na 1968. Rebop Kwaku Baah ya shiga ƙungiyar Traffic a 1971, daga baya ya koma ƙungiyar Can ta Jamus. Remi Kabaka na Nijeriya ya yi aiki da manyan mawaƙan Ingila da dama. Ƙungiyar Osibisa, wadda Teddy Osei da Sol Amarfio da Mac Tontoh 'yan Ghana suka kafa tare da abokansu na Karibiyan a 1969, ta nuna cewa 'yan Afirka za su iya tsayawa a gaban dandali da kansu. Ina ambaton waɗannan sunaye da gangan, saboda masu rubuta tarihin rok sukan wuce su da layi guda.

Cikin Turawan da suka zo neman ilimin a inda yake, Ginger Baker ne ya fi burge ni. Shi ne mai gangar ƙungiyar Cream, kuma tun yana saurayi wani dattijon mai gangar jaz, Phil Seamen, ya zaunar da shi ya saurarar da shi faya-fayan gangunan Afirka, abin da ya sauya hannunsa har abada. Ana jin haka a yadda yake barin farantan tagulla ya koma kan ganguna masu kauri, da yadda yake juya bugu ya ajiye nauyi a inda ba a zata ba. A 1971 ya ratsa Sahara da mota ya isa Legas, ya kafa situdiyo a Ikeja, ya zauna shekaru, kuma a wannan shekarar ne aka ɗauki faifan da ya yi da Fela Kuti. Paul McCartney ma ya zo Legas a 1973 ya yi faifai a situdiyon EMI da ke Apapa. Fela ya zarge shi a fili da zuwa satar kiɗan baƙar fata, har sai da McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka don ya ji babu haka a ciki. McCartney da kansa ya ba da labarin cewa ya zubar da hawaye a lokacin da ya ji ƙungiyar Fela tana kiɗa a gidan rawarta. Zargin bai tabbata a kansa ba, amma ba wanda ya san tarihin da na zayyano zai ce Fela ba shi da dalilin tsoro.

Mai gangar da ke bayan Fela a lokacin shi ne Tony Allen, haifaffen Legas a 1940, wanda ya rasu a Paris a 2020. A wurinsa ne zaren ya zagayo ya haɗu, domin ya koyi gangunan zama ne ta sauraron Art Blakey da Max Roach, masu gangar jaz na Amurka, jikokin waɗanda aka hana ganga, da kuma Guy Warren na Ghana, sannan ya mayar da abin da ya koya kan salon Yarbawa da hailaif. Duk wanda ya saurare shi zai lura cewa ba ya duka da ƙarfi. Gaɓoɓinsa huɗu kowanne da zancensa, ƙafar hagu tana buɗe farantai tana rufewa, babbar ganga tana zuwa bibbiyu a wuraren da mai gangar rok ba zai taɓa ajiye ta ba, kuma duk da haka kiɗan yana tafiya sumul na minti 20 ko fiye. Brian Eno, mai shirya kiɗa ɗan Ingila, ya ce mai yiwuwa shi ne mafi gwanintar mai ganga da aka taɓa yi. Eno ɗin ne ya saurarar da ƙungiyar Talking Heads ta Amurka faya-fayan Fela, kuma faifansu na 1980, Remain in Light, an gina shi ne a kan wannan darasi: a tsaya a kan sauti ɗaya, kowane kayan kiɗa, har jita, ya riƙe ɗan gajeren salo ya cike gurbin wani. Daga nan ƙofa ta buɗe sosai. Mick Fleetwood ya je Accra ya yi faifai da makaɗan Ghana a 1981, Peter Gabriel ya fara shirya bikin kaɗe-kaɗen duniya na WOMAD a 1982 ya kuma yi aiki da Youssou N'Dour, Doudou N'Diaye Rose na Dakar ya hau dandali da gangunan sabar tare da The Rolling Stones, Damon Albarn kuma ya kafa ƙungiya da Tony Allen da kansa.

Ina jin daɗin yawancin waɗannan ayyuka, kuma ba na cikin masu cewa duk Baturen da ya taɓa gangar Afirka ɓarawo ne, domin kiɗa bai taɓa zama a gida ɗaya ba. Amma kunnen da ya san asali yana jin abin da aka rage. Rok ya ɗauki ƙirge huɗu ya daidaita shi, ya rage ja-in-jan uku da biyu zuwa ɗan yaji da ake barbaɗawa, ya mayar da ƙungiyar makaɗa mutum ɗaya a bayan dandali wanda aikinsa riƙe lokaci ne. Idan mai gangar rok ya sami fili shi kaɗai, abin da yake nunawa shi ne sauri da ƙarfi, jama'a su yi tafi. Idan mai kalangu ya sami fili, sunan wani yake kira, yana tuna masa ubansa da kakansa, yana zuga shi ko yana yi masa zambo, kuma jama'a suna dariya ko suna guɗa ne saboda sun fahimci abin da aka ce. Ko jembe da ta cika duniya, wadda Ballets Africains na Gini suka fara yawo da ita, Mamady Keïta da Famoudou Konaté kuma suka koyar da dubban ɗalibai a Turai da Amurka da Japan, sau da yawa takan isa hannun mai koyo ne ba tare da bikin da aka yi salon dominsa ba, na noma ne ko na kaciya ko na aure.

Abin da yake damuna ya fi kusa da gida. Ilimin maganar ganga yana hannun iyalai ne, ɗa ya gada daga uba, kuma al'ummarmu ta daɗe tana jin daɗin makaɗi tana kuma raina matsayinsa. Yanzu da kwamfuta take fitar da bugu a situdiyo cikin minti kaɗan, matashin mawaƙi ba ya bukatar ya nemi mai kalangu, kuma ko an saka sautin kalangu a waƙa, sau da yawa sautin ne kawai babu take a ciki. Masu sauraron da za su iya fassara abin da ganga ta faɗa suna raguwa tare da masu bugawa. A jami'o'in Amurka akwai azuzuwan kiɗan Ewe da na Dagbon da gwanaye daga Ghana suke koyarwa shekara da shekaru. Zan so in ga taken sarautu da na sana'o'in ƙasar Hausa an ɗauke su daga hannun dattawan makaɗa, kowane take da kalmominsa da sunan wanda ya buga, an ajiye su inda yaro mai waya a hannu zai same su, an kuma biya dattawan haƙƙinsu.

Tafiyar kuma ba ta tsaya ba, tana kai da komo. Tun shekarun 1970 samarin Nijeriya irin su BLO da Ofege da The Funkees suka karɓi jitar rok suka ɗora ta a kan bugun gida. A yau Bombino da Mdou Moctar na Nijar suna cika dandali a Turai da Amurka da jitar lantarki, amma abin da ke ƙarƙashin jitar tafin hannu ne da salon tende da takamba na Buzaye mai tafiyar uku-uku, wanda masu sauraron rok suke jin sa sabo. A 2018 Angélique Kidjo ta Benin ta ɗauki faifan nan na Talking Heads na 1980 gaba ɗayansa ta sake rera shi, ta mayar da gangunan gaba, ta saka amshi da harsunan ƙasarta, ta kuma gayyato Tony Allen ya buga a ciki.